Bargon Ƙyallen da Hure ta Ɗinka

Da hantsin wata Talata, cikin bazara, a shekara ta biyar da fara babban yaƙin Turawa, Hure tana zaune a inuwar rumbu ta baza ƙyallaye a kan tabarma. Ta jera su, ta duba, ta wargaza, ta sake jerawa. A haka mijinta Sammani ya same ta da ya dawo daga sharar gona.

"Hure, lafiya? Ko sana'ar tsumma aka fara ban sani ba?"

"Sannu da zuwa, Malam. Ga ruwa." Ta bari sai da ya sha, sannan ta ce, "So nake ka koya mini ɗinki."

"Ɗinki? Ke?"

"Ni."

Sammani ya yi dariya har ya ƙware. A ƙauyukan nan da ke tsakanin Bici da Ɗambatta, a wancan zamani, mace kaɗi take yi, namiji ne ke riƙe allura. Shi kansa Sammani ɗinkin hula yake yi da rani. Amma da ya ga ita ba ta yi dariya ba, sai ya ajiye ƙwaryar ya zauna a bakin tabarmar.

"Me za ki ɗinka?"

"Bargo. Ɗan ƙarami. Irin wanda na gani a asibiti."

Bai ƙara tambaya ba, don ya san asibitin da take nufi.

Shekararsu tara da aure, kuma auren so ne. Sau uku Hure ta haihu. Na fari ya yi kwana goma sha ɗaya a duniya. Na biyu bai kai suna ba. Ta uku, Larai, ita ce ta daɗe: wata takwas, har ta fara rarrafe, har haƙora biyu sun fito. Da gudawa ta kama ta, suka goya ta suka yi tafiyar yini da rabi a ƙasa zuwa wani asibitin mishan a gefen Kano. Wata Sista Baturiya ta karɓe ta, ta kwantar da ita a kan wani ɗan bargo da aka harhaɗa da ƙyalle kala-kala aka cusa masa auduga. A kansa yarinyar ta cika kafin la'asar. Hure takan ce ta manta fuskar Sistar, amma bargon ba ta manta ko ƙyalle ɗaya a jikinsa ba. Tun daga nan matan ƙauye suke ce mata mai wabi, wato wadda 'ya'yanta ba sa zama. A bayan idonta suke faɗa, amma tana ji.

Yanzu kuwa Barira, matar Muntaka ƙanen Sammani, tana ɗauke da cikin fari. Gida ɗaya suke, gandu ɗaya suke nomawa, ƙarƙashin uwar mazan, Inna Jumma.

Saboda yaƙi, yadi ya yi wuya a kasuwa, kowa yana lallaɓa tsohon zanensa. Sai da Hure ta bi sashe-sashe da maƙwabta tana roƙon ƙyalle. Daga ƙarshe ta durƙusa a ƙofar ɗakin surukarta.

"Wa za a ɗinka wa?" Inna Jumma ta tambaya, ba ta daina kaɗin da take yi ba.

"Wani baƙo ne, Inna. Yana hanya."

"Ni dai tun da nake, ban taɓa ganin an yi wa ciki tanadi ba. Irin abin Nasara ne wannan."

Hure ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ta ci gaba da murza mazari. Can sai ta tashi, ta buɗe adudunta, ta fito da hannun wata tsohuwar riga shuɗiya.

"Ungo. Ta maigidan ce, Allah ya jiƙansa. Ya haura saba'in kafin ya tafi. Allah ya sa baƙon ya biyo sawunsa."

Barira kuwa ba a tambaye ta ba, don ba a tambayar mai cikin fari irin wannan. Kunyar ɗan fari doka ce a wurinsu. Uwa ba ta zancen cikinsa. In ya zo ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Uban ma haka. In Barira ta zo wucewa ta ga ƙyallayen, sai ta kau da kai ta ƙara sauri. Amma wata safiya Hure ta fito ta tarar da gefen zanen amarcin Barira, ja mai ratsin rawaya, an yanke an ajiye a kan turmi, an danne da dutse. Babu wadda ta yi wa 'yar'uwarta maganarsa.

Aikin ya ci kwana arba'in da shida. Kullum bayan azahar, Sammani zai wasa aska ya yanka ƙyallen, kowane yanki yatsa huɗu tsawo, yatsa huɗu faɗi. Sun shirya layi goma, kowane layi yanki takwas. Layin farko sau uku ya sa ta warware.

"Haba, Hure! Wannan ai tafiyar ɗan akuya ce. Nan ya yi tsalle, nan ya tsaya cin ciyawa."

"To, Malam, hannuna bai saba ba."

"Kawo." Ya kama yatsunta ya ɗora a kan allurar. "Kada ki dubi bakin allurar. Ki dubi inda za ta fito."

Muntaka, wanda ya taɓa yin lebura a Kano ya dawo da 'yan kalmomin Turanci a baki, yakan leƙo ta kan danga.

"Iye! Yaya ya zama hedimasta! Matar Yaya, yaushe za a ba ki satifiket?"

"Ranar da ka koyi noma kunya ɗaya ba ka zauna hutu ba!"

"Wai ma wa ake yi wa wannan wahalar?"

"Kai ka fi kowa sani."

Sai ya ja hularsa ya rufe ido ya gudu, su kuma su yi ta dariya. Sammani ya lura tun rasuwar Larai bai ji dariyar matarsa irin ta kwanakin nan ba.

Audugar cikin ita ta gurza da kanta, ta shiɓe ta har ta yi laushi kamar kumfa. Zaren ma nata ne. Suka samo farin saƙa don bayan bargon. Sai dai da aka zo haɗa layuka, aka ga saura yanki ɗaya, a tsakiya.

"Bari in yanko daga tsohuwar tagguwata," in ji Sammani.

"A'a. Ina da shi."

Ta shiga ɗaki, ta daɗe. Ta fito rungume da wani majanyi, baƙin saƙi mai jan zare ɗaya a tsakiya. Shi ne wanda ta goya Larai da shi zuwa asibiti, ta dawo da shi a ninke a ka.

Sammani ya ajiye askar.

"Hure, in Inna ta gani fa? Ita ta saƙa shi."

"Malam, kowa a gidan nan ya ba da nasa. Har Baba da ke kabari. Ni kaɗai ce ban ba da komai ba, kuma ba ni da abin da ya fi wannan." Ta shafa majanyin. "Larai ma 'yar gidan nan ce. Ƙaninta ne zai zo. Ko ba ta da abin da za ta ba shi?"

Ya dube ta, ya dubi majanyin. Ya san abin da mutanen ƙauyensu suka ɗauka game da kayan yaron da ya mutu. Ya kuma ga hawayen da ke fuskarta. Ya ɗauki askar, ya auna yatsa huɗu, ya yanka.

Da ciki ya kai wata bakwai, aka mai da Barira gidan iyayenta a Tsamiyar Mati, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Cikin marka, ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, ta haifi ɗa namiji. Aka raɗa masa Sama'ilu, sunan marigayi kakansa.

Ranar suna Muntaka ya ɓuya a gidan abokinsa don kunya. Matan gida suka ɗauki kayan barka suka bi hanya tsakanin gonakin gero da ya fara fitar da kai. Hure ce a baya, bargon a ƙwarya a kanta, ta rufe da faifai.

Ɗakin mai jego ya cika da mata. Barira tana can ƙurya, ta lulluɓe har fuska. Da Hure ta buɗe bargon, sai aka yi guɗa.

"Kai! Wane tela ne ya yi wannan?"

"Tela? Hure ce, da hannunta!"

"Taɓa ki ji laushi! Wannan ai ko ɗan Sarki Joji na Ingila sai haka!"

Inna Jumma ta karɓi jaririn da kanta ta kwantar da shi a ciki. Da yake sunan mijinta ya ci, ba ta iya kiransa, sai ta ce, "Maigidana, ka ga gatanka? Ga rigarka ta dā nan ma an sa maka." Tana nuna wa mata shuɗin yankin da yatsa, tana bin layi, har yatsan ya kai tsakiya. Nan ya tsaya.

Ta sunkuya ta duba. Baƙin saƙi, jan zare ɗaya, har da ɗan ƙullin da ta yi inda zaren ya taɓa tsinkewa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Hure! Mene ne wannan?"

"Inna—"

"Majanyin gawa! Majanyin da kika goya marigayiya da shi kika sa wa jikana a ƙirji? Naki uku ba su ishe ki ba, sai kin haɗa da na 'yar mutane?"

Ta fizge jaririn, ta cukuikuye bargon, ta fita tsakar gida ta wurga shi bayan danga, cikin ruwa da taɓo. Ɗakin ya kaure da salati. Wata tana cewa a kawo turare, wata tana cewa a kira malam ya yi tofi.

Hure ba ta dubi kowa ba sai Barira. Kalma ɗaya take jira daga bakinta. Barira ta ƙara jan lulluɓinta, ta juya fuska ga bango. Hure ta ɗauka ita ma ta yarda da abin da aka faɗa. Ta tashi, ta bar ƙwaryarta da faifanta, ta kama hanyar gida ita kaɗai, ruwa yana dukanta.

Washegari da la'asar Inna Jumma ta kira Sammani ɗakinta.

"Shekara tara ina haƙuri. Ban taɓa ce maka komai ba a kan haihuwarta, don na san na Allah ne. Amma wannan mugunta ce. Ran da aka yi arba'in za a dawo da yaron nan gidan nan. Kada ya shigo ya tarar da ita. Ka sake ta."

"Inna, ki yi mini rai. Ba mugunta ba ce. Ni na yanka ƙyallen nan da askata. In laifi ne, nawa ne."

"Ka yanka don ta juya maka kai!"

"Inna, ai har rigar Baba a ciki, ke kika bayar. Shi ma ya rasu."

"Kada ka ƙara haɗa mini su! Shi ya ci shekarunsa ya ƙoshi. Larai fa? Ko tafiya ba ta yi ba." Ta miƙe tsaye, ta dafa ƙirjinta. "Sammani, in ranar nan ta zo matar nan tana gidan nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

Ya fito kamar wanda aka yi wa duka. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san nauyin wannan magana. Ya tarar da Hure a bakin murhu, wutar ta mutu ba ta sani ba. Danga ce kawai tsakaninsu da ɗakin Inna, ta ji komai.

"Malam, ka yi abin da ta ce."

"Ba zan yi ba."

"Mata suna da yawa a duniya. Uwa ɗaya ce. Ka sake ni, ka auri wadda 'ya'yanta za su zauna."

"Wa ya haƙa kabari uku tare da ke? Wa ya bi ki Kano a ƙasa? Wata ce za ta zo ta san abin da muka sani?"

"Ba na so ka tashi ran gobe da fushin uwa saboda ni."

Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya rufe fuska da hannu. Ba ta taɓa ganin kukansa ba sai ranar, don ko a asibiti bai yi a gabanta ba.

Saura kwana talatin da biyu. Sammani bai bar ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba. Ya roƙi liman ya zo. Liman ya zauna a zaure ya yi wa tsohuwar nasiha, ya ce rai da ajali a hannun Allah suke, ƙyalle ba ya kashewa, ba ya rayawa. Ta saurare shi da ladabi, ta ba shi goro, ta ce, "Gaskiya ne, Malam." Da ya tafi ta ce maganarta tana nan.

Ya tare Muntaka a gona, suna maimai.

"Kai ne uban yaron. In ka ce wa Inna ba ka ga laifi ba, za ta sassauta."

Muntaka ya sunkuyar da kai, gumi yana zuba. "Yaya, wane yaro?"

"Muntaka! Aurena ne zai mutu!"

"Wallahi, Yaya, na sani. Na je ƙofar ɗakinta sau biyu. In na buɗe baki sai in ji harshena ya ɗaure. Ta yaya zan dubi Inna in yi mata zancen—" Ya kasa ƙarasawa. Ya ɗauki garmarsa ya koma can ƙarshen gona.

Haka abin ya kasance: mutum biyu ne kawai suke da ikon magana a kan bargon, uwar yaron da ubansa, kuma su biyun ne al'ada ta rufe wa baki.

Hure ba ta fasa komai nata ba. Ran girkinta ta yi girki, ta kai wa Inna tuwo ta durƙusa. Tsohuwar ta tura ƙwaryar gefe da ƙafa, Hure ta ɗauke. Kashegari ta sake kaiwa. Matan maƙwabta suka daina aiko 'ya'yansu sashenta. In ta je rijiya, masu goyo sukan ja baya. Ta rame har wuyanta ya fito. Allurar kuwa ta mayar wa mijinta, ta ce ba ta ƙara taɓawa.

Ranar arba'in ta zo, Asabar ce. Da sassafe Hure ta share sashenta, ta cika randa, ta wanke tukwane ta kife. Ta ɗaure kayanta a zane ɗaya. Sammani yana tsaye a bakin ƙofa.

"Ban sake ki ba, Hure."

"Na sani. Ni zan tafi da ƙafata, don kada a ce ka ƙi bin uwarka. In na kwana biyu a gidan wana, ka aiko da saƙon sakin a hankali."

"Ba zan aiko ba. In kin fita, ina bayanki."

Ta ɗauki kayan ta nufi ɗakin Inna Jumma, ta durƙusa daga waje.

"Inna, zan tafi. Ki yafe mini abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Sammani ya durƙusa kusa da matarsa.

"Inna, ban taɓa saɓa miki ba tun da kika haife ni. Yau ma ba rashin kunya zan yi miki ba. Amma ba zan saki matar da ba ta yi laifi ba, don Allah zai tambaye ni. Zan raka ta, in zauna inda ta zauna. Gona kuma kullum zan zo in nome miki."

"To, ka ji abin da na ce tun farko."

"Na ji, Inna."

Suka tashi. Ba su kai zaure ba sai ga guɗa daga waje. Mutanen Tsamiyar Mati sun yi sammako don gudun ruwa. Mata biyar ne suka shigo da ƙore a ka. A gaba Gwaggo Indo ce, ƙanwar uban Barira, ita ke rungume da jaririn cikin mayafi. Barira tana baya a lulluɓe. Hure ta raɓe jikin danga da kayanta don su wuce, ta kau da kai kada a ce ta kalli yaron.

Inna Jumma ta fito da sauri. "Maigidana! Oyoyo! Kawo mini shi, Indo. Kai, wannan nauyi! Me kuke ba shi a can?"

Ta yaye mayafin. Yaron ya yi ɓul-ɓul, yana tsotsar hannu. A naɗe yake cikin bargon ƙyalle. Ya sha wanki har shuɗin ya koɗe, amma baƙin yankin yana nan a tsakiya, daidai ƙirjinsa.

"Indo! Wa ya ɗauko wannan?"

"Ki tambayi surukarki," in ji Gwaggo Indo. "Ran sunan nan, mutane na watsewa, ta fita bayan danga cikin ruwa, da ɗanyen jego, ta tsamo shi. Na yi faɗa, uwarta ta yi faɗa. Mun ɓoye, ta nemo. Ba ta ce mana uffan ba, ba ta kuma bari ya kwana a wani abu ba."

Sai Barira ta matso. Ta ga kayan da ke kan Hure, ta ga fuskar Sammani. Yarinya ce 'yar shekara goma sha bakwai, ba a taɓa jin muryarta da ƙarfi a gidan ba. Ta sauke lulluɓinta, ta durƙusa a gaban surukarta.

"Inna, ɗana ne."

Wata daga cikin 'yan rakiya ta dafe baki. "Subhanallahi! Barira! Ɗan fari?"

"Ɗana ne, ni na haife shi!" Hawaye suka zubo mata. "Kwana talatin da uku a cikin bargon nan yake kwana. Ga shi nan a hannunki, ki duba shi. Ran suna na yi shiru. Wallahi ba yarda na yi ba, kunya ce ta kama mini baki. Ina kallo ta danga lokacin da Yaya Hure ta fito da majanyin nan. Na ga yadda ta rungume shi. Abin da ya rage mata ke nan na 'yarta, ta yanka ta ba ɗana. Wa ya taɓa ba ni irin wannan?"

"Ke yarinya, ki rufe mana asiri—" in ji Gwaggo Indo.

"Gwaggo, ki bar ni, na riga na zubar da kunyar. Inna, in Yaya Hure ta fita daga gidan nan saboda shi, ki ba ni shi mu koma inda muka fito."

Muntaka, wanda ya laɓe a bayan rumbu tun shigowarsu, ya fito a hankali. Ya zo ya durƙusa kusa da matarsa, kansa a ƙasa.

Inna Jumma ta daɗe tana duban yaron. Ta juya shi, ta taɓa cinyarsa, ta taɓa wuyansa. Sannan ta ɗora yatsa a kan baƙin yankin, a kan ɗan ƙullin da ta yi da hannunta. Ta zauna a kan turmi.

"Wata biyu na yi ina saƙa shi," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ina saƙawa ina cewa wannan za ta zauna. Har rarrafe take yi ta zo ɗakina ta ja mini abawa." Ta goge ido da gefen zane. "Jikoki uku na rasa, Sammani. Tsoro nake ji. Wallahi tsoro ne kawai."

Hure tana jikin danga tana kuka ba sauti.

"Hure."

"Na'am, Inna."

"Sauke kayan nan, kin tsaya kamar baƙuwa. Zo ki karɓi ɗanki, hannuna ya gaji." Ta juya ga Sammani. "Kai kuma tashi. Na yafe, duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka."

Hure ta sauke kayan. Ta goge hannuwanta a zane har sau biyu kafin ta miƙa su. Rabonta da riƙe jariri shekara biyu da wata huɗu.

Ba a bar Barira haka nan ba. Shekara da shekaru matan ƙauyukan nan suna nuna ta a biki da suna, suna cewa ga wadda ta kira ɗan fari ɗanta a gaban suruka. Ta haɗiye, ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba. Inna Jumma ma ba ta taɓa furta kalmar ban haƙuri ba, amma daga ranar ba ta ƙara cin tuwon kowa da daɗi ba sai na Hure, kuma a hannunta ta cika bayan shekara shida.

Hure ba ta sake haihuwa ba. Allah bai ƙaddara mata ba. Sai dai da aka yaye Sama'ilu, Muntaka da Barira suka aika Gwaggo Indo ta kai shi sashenta, aka ce nata ne har abada. Ita ta raine shi, ita ta yi masa aure, ita yake kira Inna. Ta yi shekara talatin da ɗaya tare da Sammani bayan wannan rana. Ita ta riga shi tafiya, shi kuma bai cika shekara ba ya bi ta.

Ku matasa masu karanta wannan, ku lura. Camfi ya kusa raba mutum biyu da ba su yi wa kowa laifi ba, kuma ba mugu ne ya ɗauko shi ba, tsohuwa ce mai son jikanta. Kunya abu ne mai kyau, iyayenmu sun yi gaskiya da suka koya mana ita, amma ran da shirunka zai rushe gidan wani, ka buɗe baki ko da za a yi da kai. Wanda kuma aka zalunta, ya yi haƙuri irin na Hure. Allah ba lalle ya ba shi abin da ya roƙa ba, ita ma ba a ba ta ba, amma ba ya barin mai haƙuri hannu wofi.

Allah ya jiƙansu baki ɗaya, ya jiƙan ƙananan da suka riga su.